Hattara da Garaɓasar Kayan Wiwi: Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Duk wanda ya san kasuwa ya san ɗan kasuwa ba ya rabon dukiyarsa a bakin shago don neman lada. In ka ga ya ba da gyara, ya riga ya lissafa ta inda za ta dawo masa. Wannan ƙa'ida ya kamata kowane uba, kowace uwa da kowane mai shago su riƙe kafin su dubi wata hanyar talla da ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, wadda kuma wayar hannu ke kawowa har ɗakin 'ya'yanmu: rabon kayan shan tabar wiwi kyauta, ta haɗin bakin kamfanonin da ke ƙera kayan da shagunan da ke sayar da kayan hayaƙi.

Waɗannan kamfanoni ba sa noma wiwi, yawancinsu ma ba sa sayar da ko ƙwayar ganye ɗaya. Abin da suke ƙerawa shi ne takardar naɗi, da ɗan injin niƙa ganye mai shiga aljihu, da faranti na musamman da ake naɗi a kai, da lofen gilas, da tukunyar ruwa mai kama da ta shisha, da batiri mai siffar biro wanda ake ɗaura wa kwalbar man wiwi a zuƙa. In ka tambaye su, sai su ce mu gilas da takarda muke sayarwa, abin da mai saye ya zuba ciki ruwansa. Da wannan hujja suke wanke hannunsu. Amma wanda ya ba yaro lofe kyauta ya san sarai abin da yaron zai tashi nema gobe.

Yadda ake ɗana tarkon

Harkar tana farawa ne nesa da idon mai saye. A birnin Las Vegas ana yin wata baje koli mai suna CHAMPS tun 1999, wadda ba a buɗe ta ga kowa da kowa ba, sai masu ƙera kaya da 'yan sari da masu shaguna. A irin waɗannan taruka ne ake ƙulla zumuncin. Kamfani ya cika wa mai shago jaka da samfuri kyauta. Ya ba shi akwatin gilas na baje kaya, da allo mai walƙiya, da riguna da huluna na yaran shago, da sharaɗin a ajiye kayansa a gaba, daidai inda ake biyan kuɗi. Wanda ya sari kwali kaza a saka sunansa cikin ƙuri'a. Yaron shagon da ya fi sayarwa a wata a ba shi tukuici. Mai shago ya koma gida yana murnar ya ci banza, alhali ya ci ladan kuturu, kuma askin da zai yi shi ne tura wa abokan cinikinsa wannan kaya ko sun nema ko ba su nema ba.

Mataki na biyu shi ne na shafukan sada zumunta. Kamfani da shago su haɗu su sa hoton wata tukunyar gilas mai tsada a Instagram, su ce za a ba da ita kyauta ranar kaza. Sharuɗɗan shiga ba su da wuya: ka bi shafin kamfani, ka bi na shago, ka ambaci sunayen abokanka uku a ƙasa, ka sake yaɗa hoton. Wani lokaci a ce sai ka bar lambar waya ko adireshin imel. Mutum ɗaya zai ci tukunya. Dubban da ba su ci ba sun riga sun biya da abin da ya fi tukunyar daraja: sun ba da lambarsu, sun nuna wa kamfani su wane ne abokansu, kuma sun yi masa talla da bakinsu a gaban mutanen da suka yarda da su. Saurayin da ba zai taɓa tsayawa karanta allon talla ba, zai buɗe saƙon da amininsa ya ambace shi a ciki.

Abin kuma yana da ranakun biki. Ranar 20 ga Afrilu ta zama sallar 'yan wiwi a Amurka da Kanada, ranar 10 ga Yuli kuma ta masu zuƙar man wiwi ce. A waɗannan ranaku shaguna ke rabon ƙunshin kyauta ga waɗanda suka fara zuwa, a yi kiɗa, a yi rangwame, a fitar da "kayan ɗan koyo", wato takarda da injin niƙa da laita a jaka guda. Sunan kaɗai ya isa ya tona asirin wanda ake farauta. Tsohon mashayi yana da kayansa tuntuni, ba ya buƙatar a tara masa. Sabon shiga ake nema.

Me ya sa sai kyauta?

Saboda sauran ƙofofin a rufe suke. Har yau dokar tarayyar Amurka ta haramta sayar da kayan shan ƙwaya, duk da cewa jihohi da dama sun halatta wiwi tun bayan da Kolorado da Washinton suka buɗe hanya a 2012. Shi ya sa shekara da shekaru shagunan ke manna takarda a jikin gilas cewa wannan na shan taba ne kawai, kowa kuma ya san ƙarya ce. A 2003 an ɗaure ɗan wasan barkwanci Tommy Chong wata 9 saboda kamfaninsa na sayar da tukwanen gilas ta intanet. Manyan kamfanonin intanet irin su Google da Facebook ba sa karɓar tallan kayan shan ƙwaya da kuɗi. To wanda aka hana shi allon talla, aka hana shi talabijin, sai ya koma ga tallan da ba ya kama da talla. Kyauta ba ta neman izinin kowa, kuma wanda ya karɓa shi ke yaɗa labarinta.

Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba, 2018, amma dokar da ta halatta shi ta hana mai sayarwa ya ja hankalin mai saye da kyauta, ko gasa, ko ƙuri'a, kuma hanin ya haɗa da kayan sha. A dubi wannan da kyau. Ƙasar da ta yarda babba ya sayi wiwi a kanti, ita da kanta ta ga cewa kyauta haɗari ce dabam wadda sai an ɗaure ta. Sai dai dokar ta bar wata kafa: abin da aka hana tsakanin mai shago da mai saye, ba a hana shi tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa ba. Ta wannan kafa ce kyautar ke gangarowa daga kamfani zuwa shago, daga nan kuma bakin yaron shago ya ƙarasa aikin.

A birnin Washinton, fadar gwamnatin Amurka, an ga iyakar inda wannan dabara ke kaiwa. Dokar da jama'ar birnin suka zaɓa a 2014 ta yarda mutum ya ba wani wiwi kaɗan kyauta, amma ba ta yarda a sayar ba. Nan da nan shaguna suka tsiro suna sayar da riga ko ɗan hoton mannawa da tsadar hauka, sannan a miƙa wa mai saye wiwi a ce tukuici ne. A Niyok ma, bayan halattawar 2021, shagunan hayaƙi marasa lasisi suka cika unguwanni suna sayar da wiwi a bayan kanta, har a 2024 hukumomin birnin suka garƙame fiye da 1,000. Tazarar da ke tsakanin shagon da ke rabon lofe da shagon da ke sayar da abin zubawa a lofe ba ta wuce faɗin kanta ba.

An taɓa yin irin wannan

Masu wannan sana'a ba su ƙirƙiro komai ba, littafin kamfanonin sigari suka buɗe. A shekarun 1990 Camel da Marlboro suna saka takardun maki a kwalin sigari, mutum ya tara ya karɓi riga ko jaka ko hula. Wani bincike da aka buga a 1991 ya nuna yara 'yan shekara 6 suna gane raƙumin zanen Camel kusan yadda suke gane tambarin Mickey Mouse. Sai da jihohi 46 na Amurka suka yi sulhu da manyan kamfanonin sigari a 1998 aka hana amfani da zanen yara da rabon tufafi masu tambarin sigari, daga baya kuma aka hana rabon sigari kyauta gaba ɗaya. Duk da haka kuɗin bai tsaya ba, hanya ya sauya. Rahotannin hukumar kula da ciniki ta Amurka sun nuna cewa daga cikin kusan dala biliyan 8 da kamfanonin sigari ke kashewa kan talla a shekara, kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen rangwamen da ake biyan 'yan sari da masu shaguna. Sun gane cewa wanda ya mallaki mai shago ya mallaki unguwa.

Kamfanin Juul ya maimaita darasin da sigarin lantarki. A 2015 ya fara da shagulgula inda ake raba wa matasa na'urar su ɗanɗana, da hotunan samari da 'yan mata masu ado a Instagram. Cikin 'yan shekaru abin ya mamaye makarantun sakandare na Amurka. A 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohi fiye da 30 kimanin dala miliyan 438 kan yadda ya tallata hajarsa ga yara. An biya tara, amma ba a mayar wa yaran da suka kamu da lafiyarsu ba.

Abin da ke biyo bayan kyautar

Wanda ke tunanin wiwin yau irin na da ne, ya sake tunani. Sinadarin da ke bugarwa a cikinsa, THC, bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a wiwin da ake kamawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Yau ya ninka haka sau uku zuwa huɗu. Man da ake tacewa, wanda ake zuƙa da batirin nan mai kama da biro, yakan kai kashi 60 zuwa 90. Ba ya wari sosai, ba ya barin toka, ba ya buƙatar ashana. Yaro zai iya zuƙarsa a banɗakin makaranta ya dawo aji, uwa kuma ta tsinci batirin a aljihunsa ta ɗauka kayan waya ne. Batirin shi ne abin da aka fi sauƙin bayarwa kyauta, domin araha gare shi, kuma ba ya da amfani sai an sayi kwalbar mai, yau da gobe da jibi.

A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar irin wannan mai. Zuwa Fabrairun 2020 an lissafa mutum 2,807 da ta kwantar a asibiti, 68 suka mutu, kuma yawancin majinyatan matasa ne. Bincike ya gano wani sinadari mai kauri da 'yan kasuwar bayan fage ke gauraya man da shi don ya yi auki. Kamfanin da ya ba da batiri bai san me aka zuba a kwalba ba, kuma bai damu ya sani ba.

Wani babban bincike da aka yi a birane da dama na Turai da Birazil, aka buga a 2019, ya nuna mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau uku, in kuma mai ƙarfin ne yake sha, kusan sau biyar. Likitoci sun daɗe suna cewa cikin masu farawa tun suna 'yan shekara goma sha, kusan ɗaya cikin shida ne ke kamuwa har ya kasa bari, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Ƙananan yara ma ba su tsira ba. Rahoton yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci alawar wiwi bisa kuskure a Amurka ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Irin wannan alawa da dangoginta sun cika shagunan hayaƙi ne bayan dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta wani nau'in tsiron mai ƙarancin THC, 'yan kasuwa suka riƙa sarrafa shi suna fitar da abin bugarwa a leda mai launi.

Wani zai ce ai ƙasashen nan sun halatta, manya ne ke saye da kuɗinsu. Sai a tuna masa cewa gasar Instagram ba ta duba katin shaida, abin da kawai take yi shi ne rubuta "sai ɗan shekara 21" a ƙasan hoto. A kuma tuna masa da Tailan, wadda ta saki wiwi a 2022, shaguna dubbai suka buɗe, sannan a 2025 ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Buɗe ƙofar bai ɗauke su wahala ba, rufewar ce har yanzu suke fama da ita.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu ne dumu-dumu. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 da aka yi a Najeriya, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwaya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, kuma ɗaya cikin kowane masu shan ƙwaya huɗu mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya. Hukumar NDLEA mai yaƙi da ƙwaya, ƙarƙashin Buba Marwa, ta sha ba da sanarwar kama wiwi mai ƙarfi da ake kira Loud da Colorado, wanda ake ɓoyowa cikin kwantenar motocin gwanjo daga Kanada da Amurka zuwa tashoshin ruwan Legas. Wato hajar ta riga ta san hanyar gidanmu. Abin da ya rage shi ne salon tallanta, shi kuwa ba ya buƙatar jirgin ruwa.

Filin ma an riga an share masa. Shisha ta shiga gidajen biki da wuraren shaƙatawa har ta zama ado ga wasu samari da 'yan mata, abin da ya sa gwamnatin Kano ta haramta ta a 2021. Sigarin lantarki mai ƙamshin 'ya'yan itace yana nan a kantuna. Rabon kyauta a TikTok da Instagram kuma ya zama ruwan dare: yau katin waya, gobe data, jibi atamfa, kuma sharaɗin shi ne dai ka bi shafi ka ambaci abokai. Matashin da ya saba da wannan ba zai ga wani abin tsoro ba ranar da kyautar ta zama tukunyar shisha ko batirin zuƙa. Mun ga yadda kodin ya yi mana ɓarna a ɓoye kafin a hana shi a 2018, bayan ya riga ya cinye gidaje. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba tsayawa kallo ake yi ba.

Abin da ya hau kan kowa

Kai mai shago, kai ne ƙofar. Ba kamfanin da zai kai ga yaran unguwarku sai ta kantarka. Duk ɗan sarin da ya zo maka da samfurin takardar naɗi, ko injin niƙa, ko batirin zuƙa, ya ce ka ajiye ba sai ka biya ba, ka mayar masa da kayansa tun kafin ya sauke. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta riga ta haramta tallan taba da ɗaukar nauyin shagulgula da sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, wiwi kuwa laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Ranar da jami'ai suka zo, wanda ya kawo maka kaya ba ya nan, sunanka ne a allon shago. Malamai kuma ba su yi saɓani ba a kan cewa mai taimaka wa abin maye yana da kaso a zunubinsa. Ribar da za ta sa ka kasa haɗa ido da maƙwabcinka ranar da aka kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kaduna, ba riba ba ce.

Ku masu mabiya a shafukan sada zumunta, ku tambayi abin da ke cikin kwalin kafin ku ɗaga shi gaban kamara. Mabiyanku da yawa 'yan sakandare ne, kun fi kowa sanin haka. Kuɗin talla zai ƙare cikin mako, bidiyon kuma zai ci gaba da yawo da fuskarku.

Iyaye, ku san siffar kayan nan. Ɗan gwangwani mai haƙora a ciki injin niƙa ne. Biron da ake cajinsa kamar waya ba na rubutu ba ne. Duk sabon abin da ɗanka ya shigo da shi ya ce kyauta aka ba shi, tambaye shi wa ya ba shi, kuma me aka ce ya yi kafin a ba shi. Ka yi tambayar da sanyin murya, domin yaron da aka fara da duka ɓoyewa kawai yake ƙara koya. In ka tarar ya riga ya fara, kai shi ga likita da wuri, kada kunyar mutane ta sa ka rufe ciwo har ya ruɓe.

Hukumomi kuma su ɗauki darasi daga kafar da Kanada ta bari. Bai isa a bi mashayi da mai sayar da ganye ba, a bar mai shigo da kayan sha yana yawo da sunan ɗan kasuwar gilas. Dole doka ta ambaci kayan da sunayensu, ta hana rabonsu kyauta ko ta gasa, ko ga mai saye ko tsakanin ɗan sari da mai shago. Kwastan su san me suke gani a kwantena, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa wa mambobinsu ido, masu unguwanni su san abin da ake sayarwa a sabon shagon da aka buɗe kusa da makaranta. Amurka ta yi shekaru da dama tana shari'a da kamfanonin sigari kafin ta hana su rabon riga, ga ta kuma da kuɗi da lauyoyi da asibitoci. Mu ba mu da wannan sararin. Wanda ya ga irin wannan rabo a shago ko a shafi, ya kai rahoto ofishin NDLEA mafi kusa a ranar, kada ya jira sai wani ya riga shi.